Na kawo garaya cikin sujada, wata tsohuwa ta tashi ta fita. Ina neman shawararku

Malamin Ƙauye:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Ku yi haƙuri, maganar tawa da ɗan tsawo, amma in ban faro ta daga tushe ba, ba za ku gane abin da ya hana ni barci ba.

Ikilisiyarmu ƙarama ce, a wani ƙauye ta wajen Kafur a jihar Katsina. Dukanmu Hausawa ne, manoma, kakanninmu Maguzawa ne. Ran Lahadi in an cika sosai mukan kai mutum ɗari da ashirin har da yara. A farkon bana dattawa suka ɗora mini tsara sujada, saboda ni ke koya wa 'yan kwaya waƙa. Tsarin da na tarar shi ne wanda na buɗi ido na gani: addu'ar buɗewa, waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi, karatu, sanarwa, zumuntar mata su tashi, kwaya, baiko (wato kyautar da ake kawo wa Allah), wa'azi, a sa albarka a watse. Ban raina shi ba, shi ya raine ni. Amma da damina nakan ga magidantan da suka yi kwana shida a duƙe a gona suna gyangyaɗi tun mai wa'azi bai buɗe Littafi ba, samari kuma suna kan dakalin waje, sai lokacin baiko su leƙo. Abin yana ci mini rai.

Sai na fara ƙara ɗan abu kaɗan-kaɗan. Ran Lahadin dabino, da yake ba mu da dabino, muka yanko kaba, muka aro jaki, yara suka zagayo majami'a suna hosanna. Da za a yi wa'azi a kan misalin mai shuka a Markus 4, tun saura sati uku na samo tsofaffin kwanoni huɗu. Ɗaya na cika shi da ƙasar hanya da ƙafa ta daddage, ɗaya tsakuwa da ƙasa 'yar kaɗan a sama, ɗaya ƙasa mai irin ƙarangiya a ciki, ɗaya ƙasa mai taki. Na zuba gero a duka, ina ba su ruwa. Ranar muka jera su a gaban bagade. Wani dattijo ya taso da kansa ya duƙa ya duba na ƙarangiyar, ya ce, "Wannan ai gonata ce ta bayan gari." Ranar babu wanda ya yi barci, har a kasuwa ana ta zancen.

To, sai godiyar kaka ta zo. An kawo dammunan dawa da gero, buhunan masara, gyaɗa, barkono, har da kaji. Akwai wani tsohon maharbi a cikinmu, ya fi shekara ashirin da karɓar baftisma, yana da garaya da yake kaɗawa a ƙofar gidansa da dare. Na roƙe shi ya kaɗa a hankali sa'ad da ake karanta Zabura 65, inda ake maganar ruwan sama yana jiƙa kunyoyi, kwaruruka sun cika da hatsi. Ya kaɗa. Ɗakin ya yi tsit, ni kaina tsigar jikina ta tashi. Ana tsakiyar haka wata tsohuwa, bari in kira ta Iya, ta miƙe jikinta yana ɓari, ta fita, ta bar ƙwaryar wakenta ta baiko a inda take zaune, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Lahadi biyu ke nan ba ta zo ba. Na san a da can ta yi bori, har girka an yi mata, amma wallahi ranar bai zo mini a rai ba. Ɗanta ya gaya mini ta ce, "Abin da na gudu na bari ya biyo ni har ɗakin Allah." Dattawa sun rabu biyu. Wasu sun ce a daina duk wani sabon abu, a koma yadda ake. Wasu sun ce ai a Littafinmu na Hausa garaya aka ce Dauda yana kaɗa wa Saul har mugun ruhu ya rabu da shi, don me za a hana.

Tambayata: na yi zunubi ne? In tsayar da komai? Ku a wajenku wane irin abu kuke sawa cikin sujada, kuma da me kuke auna abin da ya dace ya shigo?

Maman Zumunta:

Ɗana, sannu. Na karanta har ƙarshe, na ji tausayinka, amma na fi jin tausayin Iya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kai kiɗa ka ji, ita kira ta ji.

Ka ajiye zancen kwamiti da dattawa tukuna. Sati biyu ba ka je gidanta ba? Gobe da yamma, in an dawo daga gona, ka ɗauki mahaifiyarka ko wata babbar mace da take jin nauyinta, ku tafi. Ka mayar mata da takalminta da hannunka. Kada ka tafi da aya a baki, ba gardama za ka je yi ba. Ka zauna ƙasa, ka ce ka yi kuskure da ba ka tambaye ta ba, ka yi shiru. Abin da za ta gaya maka ya fi duk abin da za mu rubuta maka a nan.

Ni a wajen Kafanchan nake, shekarata talatin da huɗu a zumuntar mata, goma sha ɗaya daga ciki ni ke ba da waƙa. Tulun nan da kake gani muna bugawa da faifan soso, ka san daga ina ya fito? Daga gindin randa. Iyayenmu mata sun ba mu labari cewa a zamaninsu ba a yarda ganga ta shiga majami'a ba, ana cewa ta tsafi ce. Mata kuwa ba sa iya yabo hannu a naɗe. Sai suka duba abin da ke cikin ɗakinsu wanda babu mai cewa na dodo ne: tulu, ƙwarya, gora mai tsakiya. Yau wa zai ce zumunta ba tulu? Amma ba rana ɗaya ya shigo ba, kuma ba ran Lahadi ya fara shigowa ba. A taron mata na tsakiyar sati ya daɗe, kunnuwa suka saba.

Har yanzu haka muke yi da sabuwar waƙa. Mace takan riƙe aya ɗaya daga wa'azin Lahadi, tana daka tana juya ta, tana wanki tana juya ta, har murya ta zo. Ran Alhamis ta zuba mana. In ta rera sau biyu kakanni ba su kama amshi ba, mukan ce ta koma ta ƙara dafa ta. In kuma wata ta ce, "Wannan muryar ta yi kama da ta wasan kaza na garinmu," ba ma musu da ita, a sake murya. Mu ƙabilu ne da yawa a nan, abin da yake wofi a kunnen wannan, a kunnen waccan yana da tarihi.

Kwanonin geronka sun burge ni ƙwarai, zan gwada wa yaran makarantar Lahadi. Kada ka bari a hana ka irin wannan.

Mai Jita:

Mama, ki gafarce ni, na yarda ya je ya ba Iya haƙuri, amma ina tsoron kada daga nan a rufe ƙofa gaba ɗaya. Yayana Malam, in za a bi tarihin kowane kayan kiɗa, jitar da nake kaɗawa a cocinmu a Kaduna irinta ake kaɗawa a mashaya. Kibod ma haka. Ni na fito daga shaye-shaye, wata shida na farko in na ji wani irin bugun ganga sai in ji ƙishin abin da na bari. Ban ce a daina ganga ba, na koma kujerar baya har zuciyata ta warke. Kuma ka tuna da maharbin nan. Shi ma ɗan ikilisiya ne. Shekara ashirin yana zaune da baiwarsa a ƙofar gida, ranar farko da aka ce ya kawo wa Allah, sai ta zama abin magana. Wa ya je ya gaishe shi?

Samarin da ke kan dakali kuma, ba kallo suke nema ba, aiki suke nema. Mu da muka yi wasan kwaikwayon ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya tafi, na Luka 15, yaran da ba sa shiga coci su muka ba. Suka mai da shi yaron da ya sa ubansa ya sayar da gona don ya tafi Libiya. Wanda ya fito a uban bai ce komai ba da yaron ya dawo, gudu kawai ya yi ya rungume shi, malum-malum tana jan ƙasa. Minti bakwai ne duka. Uku daga cikin yaran suna ajin baftisma yanzu.

Abu ɗaya da zan gargaɗe ka daga abin da ya same mu: kada ka dogara da na'ura. Mun saba da majigi har mutane suka daina zuwa da littafin waƙa. Ranar da janareta ya mutu ana tsakiyar yabo, mutum ɗari huɗu muka tsaya muna kallon farin bango. Tun daga nan kowace Lahadi akwai waƙa ɗaya da muke yi da baki kawai.

Baba Fasto Mai Ritaya:

Ɗana Malam, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya ba ka yi taurin kai ba. Ban ga zunubi a niyyarka ba. Na ga gaggawa.

Ina so ka raba abu biyu da dattawanku suka haɗa: garaya daban, take daban. Na yi hidima shekara tara a cikin Maguzawa ta wajen kudancin Kano, kuma waɗanda suka fito daga bori su suka koya mini wannan. A wajen bori ba kiɗa ake yi barkatai ba. Kowace iska da takenta da kirarinta, mai garaya ya san wanda zai taɓa in yana so wance ta hau. Wanda aka yi wa girka ya san taken nan kamar yadda ka san muryar uwarka tana kiran sunanka. Saboda haka ka je ka tambayi maharbin, cikin ladabi, wane kiɗa ya yi ranar, kuma a wajen wa ya koye shi. Hannu yana da nasa tunanin. Mai yiwuwa ne zuciyarsa tana kan Zabura, yatsunsa kuwa suka bi tsohuwar hanya.

Masu cewa Dauda ya kaɗa garaya, gaskiyarsu rabi ce. Waɗanda suka juya mana Littafi zuwa Hausa sun nemi kalmar da ta fi kusa da abin kiɗan Ibraniyawa mai tsirkiya, suka sa garaya da molo. Wannan ya nuna ba su ɗauki icen da fatar a bakin abin ƙyama ba, kuma na yarda da su. Amma ba a warkar da tsoron tsohuwa da fassarar kalma. Ka karanta 1 Korintiyawa 8 da Romawa 14. Bulus ya san gunki ba komai ba ne, duk da haka ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya haƙura da nama. Mai Jita, ɗana, kai ka iya komawa kujerar baya da kanka, wannan alheri ne aka yi maka. Ba za mu ɗora wa tsohuwa nauyin da saurayi ya ɗauka ba.

Ga masu cewa a koma yadda ake kuwa, ina da tambaya: yadda ake tun yaushe? Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kafin nan da guntaye ake sujada. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi muryoyin Turai da Amurka ne aka ɗora musu Hausa, su ma wata rana baƙi ne. Ina ƙaunarsu, da su na binne iyayena, amma kowa ya san inda suke ɗingishi. Hausa tana da gaɓa mai tsawo da gajera, tana da hawa da sauka, muryar Bature ba ta san da wannan ba. In murya ta ja gaɓar farko, garin da ake zama ya koma garin tuwo, dawan da maharbi ke shiga ya koma dawar da ake shukawa. Shi ya sa da ƙungiyar Sabon Rai ta bazu a shekarun 1960 da waƙoƙi masu bayarwa da amshi da ganga, ƙauyuka suka karɓe su kamar ruwan farko. A lokacin ma an sami masu cewa an lalata sujada. In ka taɓa zuwa Wusasa ka shiga tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa, ginin Hausa ne tsantsa, da bakan gizo irin na soron sarakuna. Magina Hausawa suka yi wa Allah ɗaki da abin da suka iya. Abin da kake ƙoƙarin yi ke nan, ba baƙon abu ba ne.

Ka tambayi ma'auni. Ni nawa na samo shi ne da kuskure. Wata rana ina wa'azi a kan Irmiya 19, inda aka aiki annabi ya fasa tulu a gaban shugabanni, sai na ɗauki tulu na rotsa a gaban bagade. Yara suka fashe da kuka, mata suka razana. Bayan wata guda na tambayi mutum biyar abin da wa'azin ya ce. Duka biyar sun tuna tulun, babu wanda ya tuna dalilin fasa shi. Wannan ya yi mini ciwo sosai, don maganar da na ɗauko ta tuba ce, na binne ta da hannuna. Tun daga ranar, duk abin da zan kawo nakan tambayi kaina: ran Laraba in an tuna da abin nan, zai jawo ayar a bayansa, ko shi kaɗai zai zo? Kwanoninka sun ci wannan jarrabawa, tunda dattijon ya ga gonarsa a ciki. Sa'an nan nakan gaya wa mutum biyu tun kafin Lahadi, mafi tsufa da mafi sabon tuba.

'Yar Mubi:

Ni ba ni da ilimin su Baba, abin da na gani kawai zan faɗa. Mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, muna wanke wa juna ƙafa a lokacin jibin ƙauna, yadda Yesu ya yi a Yohanna 13, mata gefe guda, maza gefe guda. Tasa ce da ruwa da tawul, babu wani abu. A watan Oktoba na 2014 da Boko Haram suka ci Mubi muka gudu Yola, ba kwaya, ba kibod, littafin waƙa ɗaya ne a hannun mutum sama da hamsin. A gindin itace muke sujada. Wata dattijuwa ta tuna mana cewa ikilisiyarmu ma a gindin tsamiya ta fara a Garkida a 1923. Da aka zo wanke ƙafa, da bokitin roba ɗaya aka yi. Wadda ta faɗo a kaina ƙafarta duk ta tsattsage, ta yi kwana uku tana tafiya a daji da goyo. Ina wankewa ina kuka, ita tana ba ni haƙuri.

Ɗan'uwa, ba kullum sai an nemo sabon abu ba. Akwai tsofaffin abubuwa a cikin Littafi da ake yi da hannu da jiki, waɗanda wasunmu suka bari a takarda. Ka duba can ma.

Malamin Ƙauye:

Na gode muku duka, Allah ya saka. Mama, na bi maganarki. Na tafi da innata ran Talata da yamma, na kai takalmin. Iya ta daɗe ba ta ce komai ba, tana ta ɓarar gyaɗa. Can ta ce ba fushi take da ni ba, kunya take ji, don ta ɗauka bayan shekara talatin abin ya mutu a jikinta, sai ga shi ƙafafunta sun so su amsa. Ta ce ba garayar ba ce. Baba Fasto, yadda ka faɗa haka ne: wani juyi ne da ya yi a tsakiya, shi ake kaɗa wa wadda aka girka mata. Ba ta ambaci sunan ba, ni ma ban tambaya ba.

Mai Jita, ka yi gaskiya, babu wanda ya je wajen maharbin, har da ni. Na je ran Laraba. Na tarar ya cire tsirkiyar garayar ya rataye ta a cikin rumbu. Da na gaya masa abin da Iya ta ce, ya riƙe baki. A wajen ubansa ya koya tun yana yaro, uban kuwa yana kaɗa wa maharba, yana kuma kaɗa wa 'yan bori, shi bai taɓa rarrabe wanne ne na wa ba. Ya ce shi da ya san haka ne da hannunsa ya karye kafin ranar. Da ƙyar na lallashe shi.

Iya ta zo sujada jiya, ta zauna a wurinta. Dattawa sun ce garaya ta dakata, sauran abubuwa in ci gaba, amma in riƙa kawo musu tun ran Alhamis. Maharbin ya ce zai nemi sabon kiɗa wanda ba na ubansa ba, sai dai bai san ko kunnensa zai iya tace su ba. Iya ce kaɗai a cikinmu za ta iya gaya masa. Innata ta taɓa mata zancen, ta ce a bar ta ta yi addu'a tukuna, ban ƙara matsa mata ba.

Akwai wani abu kuma. Da za mu tafi ran Talatar, ta ce tana da wata waƙa da ta yi a ranta tun shekarar da ta ƙona kayan borinta, ba ta taɓa rera wa kowa ba, ba ta kuma iya rubutu ba. Ta ce in zo da takarda ran Asabar in an gama sussuka. Mama, in na rubuta, zumuntarmu zan fara kai wa ran Alhamis, ko in bari ita ta ba da ita da bakinta?